Daga Paraku Zuwa Jugu Da Tanda A Cikin Kaya

Tsakanin Paraku da Jugu tafiyar kilomita wajen 135 ce, mota takan cinye ta cikin awa biyu ko uku. Amma fa wannan 'yar hanya tsohuwa ce ƙwarai. Ta nan fataken Kano da Katsina suke bi da jakunansu, su keta ƙasar Bargu, su yada zango a Jugu, wadda suke kira Zugu, kafin su wuce Salaga ta ƙasar Gwanja sayen goro. Waɗansunsu suka sauke kaya ba su sake ɗauka ba. Mu da muke zaune a zango-zangon garuruwan nan a yau, da yawanmu jikokinsu ne.

Har yanzu ba mu daina ƙaura ba, sai dai dalilin ne ya sake. Malamin makaranta a canza masa wurin aiki kafin komawa lakwal a watan Satumba, ɗan kasuwa ya bi ciniki, direba ya bi ubangidansa. Ni ma canjin wurin aiki ne ya ɗauke ni da iyalina daga Paraku ya kai mu Jugu.

Paraku gari ne na hada-hada. Nan layin dogo daga Kwatano ya tsaya a 1936, nan manyan motocin kaya masu zuwa Nijar suke ratsawa, ga kasuwar Arzeke, ga jami'ar da aka buɗe a 2001. Shi ya sa da aka rufe iyakar Nijar a 2023, gidajenmu da yawa sun ji a tukunyarsu. Idan ka bar garin ka nufi yamma, sai gonakin doya da na kashu da itatuwan kaɗanya, ka haye kogin Weme a Beteru, har ka shiga Jugu, babban birnin jihar Donga. Jugu mararraba ce: hanya ta yi arewa zuwa Natitingu, wata ta yi yamma zuwa Kara ta ƙasar Togo. Dendanci ne harshen kasuwa, amma in ka yi sallama da Hausa ba za ka rasa mai amsawa ba.

Mai shirin ƙaura ya riƙe abu uku. Na farko, ya je ya ga gidan da idonsa, in da hali da damina, don ya san inda ruwa yake kwanciya. Na biyu, ya duba mitar wuta da ta famfo tare da mai gidan, a rubuta abin da aka gani. Na uku, kowane kuɗi ya biya, ya karɓi takarda. Dokar haya ta ce kuɗin ajiya kada ya wuce na wata 3. In an sauka kuma, a fara da gaida liman da mai unguwa, domin baƙon da ya yi sallama ba ya kwana da yunwa.

To, abin da ya fi damuna shi ne abin da muke bari a baya wajen ɗaure kaya. Na lura gidaje da yawa sukan loda talabijin da kujeru, su bar turmi da tanda, wai nauyi. Daga nan sai karin kumallo ya koma burodin kanti da shayi mai sukari ƙwaya huɗu ko biyar, miya kuma a cika ta da dunƙulen magi. Wanda a da yake taka sayyada zuwa kasuwa, yanzu ko masallacin Juma'a sai a kan babur. Ba mamaki hawan jini da ciwon sukari suka zama hirar zaure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali guda, har da wanda yake ɓoye cikin magi da burodi.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu a Jugu ta ga ana sauke tandar uwargidana, sai ta ce, “Malam, kun zo da gida ke nan. Sauran kayan duk ana sayensu a kasuwa.” Na ce, “Inna, ai ita ce ta fi wahalar ɗauka.” Ta ce, “Ita ce kuma za ta riƙe muku yara.” Gaskiyarta. Ranar da aka toya masa, yaran da suke yini da Faransanci da Dendanci sukan zagaye murhu, a yi ta hira da Hausa.

Burodi ma ana gasa shi a gida ba sai da injin gashi ba. A kwaɓa fulawa da yis da ruwan ɗumi da ɗan gishiri da ɗan mai, a rufe wajen awa guda har ya kumbura ya ninka. A zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a ɗora a wuta ya yi zafi, a jera gwangwanayen ƙullun a kai, a rufe, a zuba garwashi bisa murfin. Bayan kamar rabin awa a soka tsinke, in ya fito ba danƙo ya gasu. Tun da ba a noman alkama a nan, fulawa ta jirgin ruwa take zuwa, kuma kowa ya tuna yadda ta yi tsada a 2022 saboda yaƙin Rasha da Yukiren. Saboda haka a riƙa haɗa awo huɗu na fulawa da awo ɗaya na garin dawa ko na waken soya. Ya fi ƙosarwa, ya fi sauƙin kuɗi, kuma uwargida ita ta san yawan sukarin da ta sa.

Ƙasar nan kuwa ba ta rage mu da komai ba. Ga sakwara, ga wasa-wasa ta garin doya, ga wagashi na Fulani da ake daskarar da nononsa da tumfafiya, ga man kaɗe, ga zogale da kuka, ga daddawa mai maye gurbin magi. Fataken da suka kafa zangonmu da abincin ƙasa suka rayu, suka haɗa da nasu na gida.

Ina kira ga iyayenmu mata na Paraku da Jugu su koya wa 'yan mata, har da samari, tuyar masa da gashin gurasa tun suna raye. Mu maza kuma mu ajiye babur in tafiyar ba ta da nisa. Lafiya uwar jiki ce. Allah ya ba mu zama lafiya da masu masaukinmu, amin.