'Yar yayana ta ce ƙidayar masu ciwon suga za ta karanta

Jiya na dawo daga Argungu, kuma maganar nan ta hana ni barci.

'Yar yayana ta gama digirinta a fannin ƙididdiga, ta gama bautar ƙasa. Yanzu ta ce Ibadan take son zuwa ta yi digiri na biyu a ƙididdigar lafiya, ta duƙufa kan ciwon suga. Da aka yi zaman gida, kawunmu ya dube ta ya ce, "Ke ɗiyag ga, ba likita ba, ba nas ba, mi za ki yi da lissahi cikin asibiti?" Aka yi dariya. Har da ni, Allah Ya yafe min.

Ubanta, wato yayana, manomin shinkafa ne a fadama. Ƙaya ce ta soke shi a ƙafa, ya ɗaure da tsumma ya koma gona. Wata biyu miki bai warke ba. Ranar da muka kawo shi asibiti nan Birnin Kebbi, ranar aka fara auna sugansa a rayuwarsa. An yanke ƙafar, bai cika shekara ba ya rasu. A sanarwa muka rubuta "bayan gajeruwar rashin lafiya". Ni na rubuta da hannuna.

To jama'a, mutum nawa muka binne da wannan jimlar a ƙananan hukumomi 21 na jihar nan? Ni ma'aikaci ne, na san yadda ake kasafi: abin da ba shi da adadi a takarda ba ya samun ko kwabo. Maleriya da shan-inna suna da masu ƙirga su, shi ya sa ake ganin motocinsu har ƙauye.

Yarinyar ta nuna min binciken da likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka yi kan Fulani a Sakkwato: a birni kusan mutum 5 cikin 100 na da ciwon, a karkara bai kai 1 ba. Jini ɗaya, zama ne ya bambanta. Babur ya maye gurbin ƙafa, lemun kwalba ya maye gurbin fura. Na dubi tumbina na yi shiru.

Ta ce aikinta ba ƙirga marasa lafiya kaɗai ba ne. Cikin waɗanda aka ba magani, nawa suka dawo? Nawa suka daina saboda kuɗi? Nawa suka rasa ido ko ƙoda? Ta ce, "Baffa, da wani ya auna Baba da safe kafin ya ci komai ya ga ya kai 126, da an sani tun ƙafar tana nan."

Na ce mata kuɗin fom da na mota suna wuyana, sauran mu ga abin da albashi zai iya. Kawu har yanzu bai yarda ba, Asabar zan koma in same shi. Ni kuma gobe da safe ba zan karya ba sai an auna ni.