Inda Kunun Zaƙi da Giya Suka Raba Hanya

Jarinta na farko akuya ce. Ƙanenta ya kai ta kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya dawo da kuɗin a ƙulle cikin leda. Washegari ta aika aka auno mata gero tiya biyar, aka haɗo da citta da kanumfari da masoro da busasshen dankali. Ba ta daɗe da fita takaba ba, ga yara uku, ga uwar mijinta da ƙarfi ya ƙare mata tana zaune a ɗakin da ke kusa da zaure. A Gagarawa Tasha, kamar sauran garuruwan ƙasar Gumel, matan cikin gida ba sa zama hannu rabbana: wata ƙuli-ƙuli, wata awara, wata ɗanwake. Ita kuwa ta zaɓi kunun zaƙi, domin akwai wadda ta san shi a gidan.

Tsohuwar ta yi tallar kunu tun tana yarinya, a zamanin da jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru ke tsayawa a tashar da garin ya samo sunansa daga gare ta. Layin dogon ya isa Nguru a 1930, an shimfiɗa shi domin kwasar gyaɗa, kuma duk inda ya kafa tasha sai masu ƙishirwa su taru, masu ƙwarya da ludayi su biyo su. Jirgin ya yi ƙaranci, gyaɗar ta ja baya, amma sanin kunun yana nan a hannun tsohuwar. Ranar da matar ɗanta ta zo ta durƙusa ta ce, "Inna, ina so ki koya mini," amsar da ta ba ta gajeriya ce: "Ki fara da tsiro, 'yar nan. Wadda ba ta iya tsiro ba, sukari za ta yi ta saya har jarinta ya ƙare."

Yin tsiro ba shi da wuya a faɗa. A ɗebi hatsi kaɗan, gero ko dawa ko shinkafa mai ɓawo, a wanke, a jiƙa ya kwana. A tsane shi a baza a kan jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa, a rufe, a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma. Bayan kamar kwana uku sai fararen saiwoyi su leƙo. A nan ake tsayar da shi: a shanya a rana ya bushe ƙarau, a murje saiwoyin a sheƙe. Idan ruwa ya yi masa yawa sai ya yi fumfuna, idan ya yi kaɗan sai ya ƙi fitowa. Murjewar ma tana da dalili, musamman ga dawa. Sabon tofon dawa yana ɗauke da guba, shi ya sa makiyayi ba ya barin dabbarsa ta faɗa wa gyauro.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwayar shi ne asirin sana'ar duka. Ƙwayar hatsi rumbu ce cike da sitaci, guzurin da aka ajiye wa ɗan tsiron da ke barci a cikinta. Sitaci ba shi da zaƙi, kuma tsiron ba zai iya cinsa haka nan ba. Da danshi ya taɓa ƙwayar sai ta ɗauka damina ta faɗi, ta saki wani sinadari mai daddatsa sitaci ya mayar da shi sukari. Masana suna kiran sinadarin amilas. Wasu Faransawa biyu, Anselme Payen da Jean-François Persoz, su ne suka fara ware shi a 1833, daga tsiron sha'ir. Irinsa yana cikin yawun ɗan Adam, shi ya sa iyaye mata ke hana yaro lasar ludayi ya mayar cikin koko: kafin a juya kokon ya tsinke. Mai kunun zaƙi wannan tsinkewar take nema da gangan.

Duk mai koyon haɗa giya a ɗakin girkinsa, a Jamus yake ko a Ingila, daga nan yake farawa: tsiron sha'ir, ruwan zafi, jira har sitaci ya zama sukari. Masu burkutu a ƙauyukan Maguzawa na ƙasar Kano da Katsina su ma da tsiron dawa suke farawa. Ko manyan kamfanoni ba su wuce wannan ba. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masana'antun giya da na lemon malt na Nijeriya dawar Arewa suka koma wa. Wato hanya ɗaya kunun zaƙi da giya suke tasowa, su yi tafiya mai nisa tare kafin su rabu. Tsohuwar ba ta san sunan amilas ba, amma ta san mararrabar.

Gwajin farko ya lalace tun kafin a kai can. Matar ta jiƙa geronta, ta kai markaɗe tare da kayan yaji, ta raba ƙullun gida biyu kamar yadda aka ce mata. Kaso mafi yawa ta dama shi da tafasasshen ruwa ya yi kauri. Ƙaramin kason, wanda aka haɗa da garin tsiro da dankali, shi ake zubawa a kai daga baya. Sai dai ta ƙagu ta ga abin ya kammala, ta juye shi nan take tukunya na tururi. Da asuba ta buɗe ta tarar da abu kamar talge, ba zaƙi, ba ya bin rariya. Gero tiya biyu ya tafi, sai yara suka sha da sukari.

Tsohuwar ta ɗanɗana, ta ce, "Kin ƙone shi. Tsiro rai gare shi." Maganarta ba ta yi nisa da ta masana ba. Sinadarin yana aiki sosai a zafin da ya kai kimanin digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin Salshiyas, amma zafin tafasa yana kashe shi, kuma idan ya mutu ba ya dawowa. Idan kuma aka bari damun ya huce sarai, aikin sai ya yi nawa. Ma'aunin tsohuwar yatsa ne: a wanke hannu a tsoma, idan yatsa ya shiga ya fito da sauri amma bai ƙone ba, lokaci ya yi. A gwaji na biyu matar ta jira. Tana zuba ɗanyen ƙullun tana juyawa sai ta ji muciya ta fara sauƙi a hannunta, kaurin yana sakewa. Ta rufe ya kwana. A cikin daren wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suka ci kaɗan daga sukarin suka bar ɗan tsami, irin wanda ke sa madara ta zama nono. Louis Pasteur ne ya nuna a 1857 cewa wannan tsami aikin masu rai ne. Da safe ta tace, ta ɗura a goruna, 'yarta ta ɗauka zuwa bakin titi. Kafin azahar an sayar.

Sati uku ana ciniki, sai ta ninka awo. Lokacin kuwa bazara ce, watan Afrilu, sa'ad da zafi a arewacin Jigawa ke haura digiri 40, ƙanƙara ta yi tsada, wutar lantarki ba a maganarta. Ranar nan gora takwas suka yi kwantai. Ta tsaya a kansu tana lissafi: kuɗin gero ne, kuɗin markaɗe ne, wani yanki na akuyarta ne. Da dare ta juye su cikin sabon damu ba tare da ta gaya wa kowa ba. Washegari wasu suka sake ragowa, ta sake juyewa.

A rana ta uku wani direba ya karɓi gora daga hannun yarinyar. Gorar ta kumbura ta yi tauri. Yana murɗa murfin sai ta yi huci, kumfa ta biyo hannunsa. Ya shinshina, ya ɗaga murya yadda na kan benci za su ji: "Ke, gidanku burkutu aka koma yi?" Aka kwashe da dariya. Yarinyar ta dawo gida da kuka, gorunan na bisa kanta.

Shi wasa ya yi, amma irin wannan wasa yana da nauyi a jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, inda Hisba ke kama giya ta zubar. Nauyin ya fi yawa a kan bazawara mai marayu, wadda ba ta da abin da ya fi sunanta daraja. Idan maganar ta zaga gari, ba kunun kaɗai za a daina saya ba.

Tsohuwar ta sa aka kawo tukunyar. Ta kara kunne, ta ji tana ƙananan motsi. Ta ce, "Na jiya kika zuba a ciki?" Matar ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, asarar ce na ji tsoro." Tsohuwar ta ce, "To, da haka masu burkutu suke tayar da tasu."

Nan ne hanyar ta rabu. Ban da halittun da ke kawo tsami, akwai yis, irin wanda ke kumbura burodi, yana nan a jikin hatsi da iska da bangon tukunya. Shi idan ya ci sukari, iska yake fitarwa da barasa. A dare ɗaya bai isa ya yi yawa ba, shi ya sa kunun safe yake abin shan yara da masu azumi. Mai giya kuwa yis yake kiwo: ya ba shi kwanaki, ya kuma ɗebo daga tsohuwar tukunya ya zuba a sabuwa domin ta kama da wuri. Matar, garin tsimi, ta yi duka biyun. Abin da ke gorar direban bai kai ya bugar da kowa ba, tsaminsa ya fi barasarsa yawa, amma ya riga ya ɗauki hanyar.

Musulunci ya san wannan mararraba tun farko. A cikin Sahihu Muslim akwai ruwayar Ibn Abbas da ke nuna ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma a shayar da shi ko a zubar. Malamai sun fahimci cewa jiƙon halal ne muddin bai kai ga sa maye ba, kuma abin lura shi ne canzawarsa. Kunun hatsi a zafin Gagarawa ba ya ma kai kwana ukun.

Tsohuwar ba ta yi dogon faɗa ba. Ta sa aka kai tukunyar bayan gida aka tuntsurar, aka wanke ta da toka da ruwan zafi, aka kife a rana, gorunan ma haka. Matar ta tsaya tana kallon ƙasa na shanye abin da ya kai kuɗin cefanen kwana huɗu, ba ta ce komai ba. Kwana biyu ba a fita da talla ba. A rana ta uku tsohuwar ta ce a kai wa direban gora ɗaya kyauta, a ce daga tsohuwar mai kunun tasha.

Yanzu tiya ɗaya da rabi take jiƙawa, sai ranar Alhamis da motocin Maigatari ke wucewa ta ƙara ɗaya. Tsiro takan yi na wata guda ta adana a busasshen tulu. Abin da ya kai la'asar ba a sayar ba, almajiran makarantar allon unguwar ne ke shanye shi kafin magariba, ba ya kwana. Ba ta mayar da akuyar ba tukuna, amma ta shiga adashi. Daren jiya, da ta gama dama kaso na farko, ta kira 'yarta ta ce ta wanko hannu. Yarinyar ta tsoma yatsa ta fizge da sauri, ta ce, "Umma, da saura." Daga ɗakin kusa da zaure tsohuwar ta ce, "Ku ba shi ɗan lokaci."