Guzurin Ɗalibi Mai Niyyar Birnin Fas

Ran nan wani attajiri cikin masu halartar karatunmu ya zo mana da ɗansa bayan sallar Isha'i. Yaron yana karatu ne a wata jami'a ta Amurka, ya zo gida hutun da suke yi a tsakiyar sanyinsu, daga wajen Kirsimeti zuwa cikin Janairu. Da hutu ya ƙare ba Amurka zai koma ba, jami'arsu za ta tura shi birnin Fas na ƙasar Maroko tare da 'yan ajinsu, su yi zango guda na wata huɗu suna koyon Larabci. Uban ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ni hankalina bai kwanta ba. Ina biyan kuɗi a Amurka, ga shi za a kai mini yaro wata ƙasa. Idan babu alheri a ciki a faɗa mini in hana." Muka ce, "Alhaji, kada ka hana. Amma a bar mana shi kwana uku."

Dalilinmu shi ne mun taɓa cin sanyi guda a Fas a 1998, mun kuwa san abin da garin yake da shi a wuyanmu. Duk almajirin da ya fara nahawu a zaurukan Kano ko Zariya da Ajurumiyya ya fara, mai littafin kuwa, Ibn Ajurrum, mutumin Fas ne, a nan ya rasu a 723 bayan Hijira, wato 1323. Haka Ibn Ashir, wanda ya rasu a 1040 ta Hijira. A nan kuma Shehu Ahmadu Tijjani ya zauna har Allah Ya karɓi ransa a 1815, zawiyarsa tana cikin tsohon gari, ba a raba ta da baƙi daga Senegal da Nijeriya. Tsakiyar garin akwai masallacin Ƙarawiyyin, wanda tarihi ya ce wata baiwar Allah, Faɗimatu Fihriyya, ta gina da dukiyar gadonta a 245 ta Hijira, wato 859. Ga shi yau shekara dubu da ɗari da 'yan kai ana salla a cikinsa. Masu cewa dukiyar mace ba ta gina abin kirki sai su je su gani.

Abu na farko da muka tambayi yaron shi ne kayan da ya shirya. Ya ce ai Afirka ce, riguna marasa nauyi ya tanada. Muka yi dariya. Sanyin Fas ba irin hunturunmu ba ne mai bushewa, wanda da hantsi ya yi sai ya saki mutum. Lokacin sanyinsu shi ne lokacin ruwansu. Gidajen tsohon gari kuwa an gina su ne don maganin zafi, bango mai kauri shafe da tangaran, tsakar gida a buɗe tana kallon sama, yawancinsu babu na'urar ɗumama ɗaki irin wadda ya saba da ita a Amurka. Mun sha kwana da rigar ulu mai hula haɗe, irin wadda mutanen garin ke sawa, da bargo biyu, amma haƙoranmu suna kaɗawa. Garin Ifran, da bai kai tafiyar sa'a biyu a mota ba, ƙanƙara ce ke rufe shi. Alwalar Asuba a wannan hali ita ce jarrabawa ta farko, saboda haka muka koya masa hukuncin shafa a kan huffi, muka gaya masa cewa a mazhabar Imamu Malik sai ya zama na fata, an kuma sa shi bisa cikakken tsarki. Safar zare ba ta shiga ciki. Huffi kuwa ba ya wuya a garin majema.

Sai maganar ƙasaru, domin samari da yawa suna kuskure a nan. Yana da ikon yin ƙasaru a hanya, daga fitarsa Kano har saukarsa Darul Baila, har tafiyar jirgin ƙasa ta wajen sa'a huɗu zuwa Fas. Amma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari, hukuncin matafiyi ya sauka daga kansa, balle mai zaman wata huɗu. Zai cika salla tun ranar da ya shiga, azumi ma haka, don a 'yan shekarun nan Ramalana yana faɗowa ne cikin wannan zangon, a can zai sha ruwa da miyarsu ta harira da dabino. Zai ga liman ya haɗa Magariba da Isha'i a daren ruwa, kada ya yi tsammanin bidi'a ce, rangwame ne sananne a littattafanmu, sai dai mu nan ba mu cika aiki da shi ba. Zai kuma ji ana karanta izu guda cikin jam'i bayan Asuba da bayan Magariba, da ruwayar Warshu, wadda aka rubuta masa a allo yana ƙarami. Ranar da muka fara jin wannan karatu hawaye ne ya zubo mana, muka ji kamar a Madabo muke zaune.

Ba mu ɓoye masa abin da ba shi da daɗi ba. Larabcin kasuwa a can, wanda suke kira Darija, ya yi nisa da na littafi, ga Faransanci cakuɗe a ciki. Mu da muka yi shekaru muna karanta Alfiyya, ranar farko mun kasa sayen gurasa sai da nuni. Na biyu, baƙar fata yana iya gamuwa da wulaƙanci daga jahilai, ko a ɗauke shi cikin masu neman tsallakawa Turai ta teku. Mu ma wani yaro ya taɓa binmu da kalma marar daɗi a lungu, wani tsoho mai shago ya fito ya tsawata masa, ya shigar da mu ya ba mu shayi. Duka biyun mutanen Fas ne. Muka ce ya riƙa yawo da kwafin fasfonsa da takardar makaranta, ya kuma tabbata bizarsa ta ƙunshi dukan kwanakin zamansa tun bai tashi ba.

Amma abin da ya fi damunmu dabam ne. Zai tafi ne cikin ayarin Amurkawa, ayari kuwa yakan ja mutum zuwa inda yawancinsa suka nufa. Za a kai su majemar Shawwara su hau soro su ɗauki hoto suna toshe hanci da na'ana'a, a kai su makarantar Bu Inaniyya su kalli sassaƙa, su koma masauki suna hira da Turanci. Ba mu ce haramun ne ba. Sai dai a Maroko ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga masallatai irin Ƙarawiyyin, abokansa daga bakin ƙofa za su leƙa, shi kaɗai ne a cikinsu mai ikon cire takalmi ya shiga sahu. Idan ya yi wata huɗu yana tsaye tare da su a ƙofa don jin kunyar rabuwa da su, to kuɗin Alhaji sun tafi a banza. Muka ce masa, "Ɗana, ko majemar ma kana da abin faɗa musu. Fatar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, da yawa daga cikinta ta jar akuyar Sakkwato ce, fatake suka ƙetara Sahara da ita daga Kano."

A rana ta uku Alhaji ya dawo, ya sa wa ɗansa albarka a gabanmu, don ba mu so yaro ya tashi zuciyar mahaifinsa tana rabe biyu. Sharaɗi guda ya gindaya, cewa duk Juma'a ya buga waya ya faɗi masallacin da ya yi salla. Mu kuma muka ɗauko tsohuwar Ajurumiyyarmu, bugun Masar, wadda gefenta ya cika da rubutun ajami, muka ba shi aro. Mun yi da shi zai nemi malami a can ya biya masa ita daga farko, ya dawo mana da ita a watan Mayu.