Na San Santorini, Ban San Anka Ba

Wannan makon ni aka miƙa wa alƙalami, kuma na zaɓi in tona wa kaina asiri tun kafin wani ya tona mini.

Waɗanda suka bi littafina na farko za su tuna babi na goma sha bakwai, inda na kai ango da amarya yawon amarci tsibirin Santorini na ƙasar Girka. Na ɗaukar musu ɗan jagora na musamman da mota tasu su kaɗai, na rabin yini. Ya kai su Akrotiri, tsohon garin da tokar dutse mai aman wuta ta binne fiye da shekara 3,500 da suka wuce, wanda aka fara tonowa a 1967. Daga nan ya wuce da su ƙauyen Oia, gidaje farare tas, ƙubbobi shuɗɗa, rana tana nutsewa cikin teku. Babu babin da ya kai wannan samun yabo. Wata 'yar uwa har ta tambaye ni nawa tafiyar ta ci mini. To yau ga amsa: ban taɓa wuce Kaduna ba. Kwana uku na yi a shagon cajin waya ina kallon bidiyo a YouTube, ina kwafe sunaye a bayan tsohuwar takardar jarrabawa.

Cikin hunturun da ya wuce wani yayanmu a ƙungiyar marubuta ya kira ni. Mutumin Kano ne, malamin makaranta, ya ba ni shekara goma sha biyar. Ya ce ɗaurin aure zai kawo shi Gusau, kuma yana rubuta labarin wani saurayi mai haƙar zinariya, yana so ya ga ƙasar da idonsa.

"Ƙanena," in ji shi, "ka zagaya da mutanenka Santorini cikin awa huɗu. Ni Anka kawai nake so, awa huɗu. Zan biya kuɗin jagora."

Na yi dariya na ce, "Yaya, ai gida ne. Ido rufe ma sai in kai ka."

Awa huɗun ba shi ya zaɓa ba. Direban da ya ɗauko shi ne ya kafa sharaɗi: ba zai bar Gusau ba sai rana ta ɗaga, kuma ƙarfe biyu a hanyar komawa za ta yi masa. A Girka mutum yana sayen rabin yini ne don kada jirgin ruwansa ya tashi ya bar shi. A wajenmu hanya ce ke yanka maka lokaci, kuma ba a ciniki da ita. Yayan nawa ya so mu leƙa Bukkuyum, mu bi ta Daki Takwas mu isa Gummi. Direba ya kalle shi kallo ɗaya, magana ta mutu.

Ƙarfe goma da 'yan mintoci suka iso. Na fara da ƙofar fada, don a ganina nan ne ba zan ji kunya ba. Muna tsaye ya jefo tambayar farko.

"Me ya sa ake ce masa Sarkin Zamfaran Anka, alhali Gusau ce hedikwatar jiha?"

Na buɗe baki, babu abin da ya fito. A nan aka yanke mini cibiya, a nan na yi firamare da sakandare, na je Talata Mafara na yi difloma na dawo. Sau dubu na wuce ƙofar nan. Na ce, "Ai tun da can haka ake faɗa." Ya gyaɗa kai cikin ladabi, irin gyaɗawar da malami ke yi wa ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

Wani tsoho mai sayar da goro a gindin bango shi ya cece ni, ko in ce ya ƙarasa ni.

"Kai wanga yaro, ɗan wa na kai?" Na faɗa masa. Ya ce, "Na san kakanka. Shi da an tambaye shi ba ya hwaɗin haka. Ku zamna."

Muka tsuguna. Baba ya ce sarautar ta girmi Gusau nesa ba kusa ba, ta girmi jihar da aka yanko daga Sakkwato a 1996. Ya ce Zamfarawa sun yi babban birni can arewa, Birnin Zamfara, har Gobirawa da suka shigo a matsayin baƙi suka yi ƙarfi, Sarkin Gobir Babari ya ci birnin, suka kafa Alƙalawa. Daga nan sarauta ta yi ta yawo, Kiyawa, Sabon Gari, har ta zo ta tare a Anka. "Sarauta ma ta yi gudun hijira," in ji shi, "balle talaka."

Yayan nawa yana rubutu hannu na rawa. Ya ƙara da cewa faɗuwar birnin ta auku ne wajen shekarun 1760, kuma wani Bajamushe mai suna Kurt Krieger ya zauna a ƙasar nan ya tattara tarihinta, aka buga a Balin a 1959. Ya ce Dakta Garba Nadama, wanda daga baya ya yi gwamnan tsohuwar jihar Sakkwato, a kan tarihin Zamfara ya yi digirinsa na uku a Zariya a 1977. Bakano da Bajamushe sun san garinmu. Ni kuma na san launin ƙubbobin Oia.

Daga fada muka nufi kasuwa a kan babur. Ɗan acaɓan da ya ɗauki baƙona sa'ana ne, mutumin Bagega. Da ya ji abin da ake nema sai ya kashe babur a inuwa ya ce shi ma ya yi haƙa kafin gwamnatin tarayya ta hana a 2019. Ya zayyana aikin tiryan-tiryan: a shiga rami da fitila a goshi, a fasa dutse, a loda buhu, a kai injin niƙa ya zama gari, a wanke da ruwa, a zuba zaiba ta kama zinariyar, a ƙona zaibar ta tashi. Yayana ya tambaye shi ƙamshin ramin. Ya ce ba ƙamshi ba ne, wari ne kamar na tsohuwar rijiya, kuma abin da ya fi tsorata sabon shiga shi ne shirun da ke ƙasa.

Sai ya zo kan 2010. Dutsen da ake samu a lokacin cike yake da dalma, kuma a cikin gidaje ake dakawa ana niƙawa, har da injin da ake niƙa hatsi. Ƙura ta bi tsakar gida, ta bi tabarma, ta bi hannun yara masu rarrafe. Yara suka fara jijjiga suna mutuwa a Dareta da Abare da Sunke, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Sama da yara 400 aka rasa. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega kuwa ba a kai gare ta ba sai 2013. Ya ce ƙannensa biyu suna cikin waɗanda suka tafi, kuma da farko iska aka ɗauka, aka yi ta turare.

Shekarata goma sha biyu a lokacin. Ina tuna fararen motocin likitocin ƙasashen waje na MSF suna shiga babban asibitin Anka, muna bin su a guje muna ɗaga hannu. Shekara goma sha biyar ban taɓa zama na tambayi wani abin da ya kawo su ba. Na san kalmar gubar dalma kamar yadda kowa ya sani, a rediyo. Ranar nan na fara jin ta daga bakin wanda ya ɗauki gawa.

Ƙarfe goma sha biyu ta wuce, ni da aka ɗauka jagora ban nuna komai ba. Zuciya ta ce in fanshe. Na ce, "Yaya, akwai wurin da na sani, 'yan gudun hijira. Za ka samu labari." Wallahi haka na faɗa, kamar mai tallar rumfa.

Muka shiga wani kangon gini da ba a kammala ba, an yanka shi ɗaki-ɗaki da buhuna da tsofaffin zannuwa. Ina gaba ina nuni da hannu, yayana ya ciro waya. Sai na ji murya daga bayan wani buhu.

"Ɗana? Yau kai na? Lale, lale."

Goggona ce. Ita da mahaifina 'ya'yan wa da ƙane ne. Tun harin da aka kai ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022 take nan da jikoki uku. Na san tana nan. Rabona da ita tun ƙaramar salla, kuma tsakanin gidanmu da wurin bai kai tafiyar minti ashirin da ƙafa ba. Ga shi na zo, amma da baƙo na zo, kallo na kawo shi.

Ta shimfiɗa tabarma. Ta kwance bakin zane ta ciro kuɗi ta aiki jikanta ya sayo ruwan leda biyu. Na so in hana, ta harare ni. A hankali na ga yayana ya mayar da waya aljihu.

"Shi ma sunaye yaz zaka rubutawa?" ta tambaye ni, don masu zuwa da biro sunaye suke ɗauka su tafi.

Na ce, "A'a Goggo, marubuci ne, littafi yake yi."

Ta juya gare shi. "To Malam, in za ka rubuta, ka rubuta sunan garinmu daidai. Waɗanda sunka zo da fari sun ɓata shi, har rediyo ba su iya hwaɗi nai ba."

Ta faɗa sau uku, ya rubuta, ya karanta mata, ta gyara masa wasali ɗaya. Daga nan ba wanda ya roƙe ta, ta ɗauke mu ta shiga da mu garin da baki. In ka shigo ta gabas tsamiya ce za ta tare ka, ƙarƙashinta mahauta ke zama ran kasuwa. Hagu rijiya mai ruwan daɗi, dama wadda ba a sha sai wanki. Gidansu na uku bayan masallaci, rumbu shida, ɗaya nata ne na kanta, gero da maiwa. Ta gaya mana inda fadama ta fara, da wanda ya fi kowa iya dashen albasa, da hanyar da amare ke bi in za a kai su. Ba ta ce uffan game da daren da suka fito ba, mu ma ba mu tambaya ba. Minti arba'in ta yi. Ban taɓa ganin garin nan ba, amma yau ko cikin duhu aka sauke ni a gindin tsamiyar zan kai kaina gidansu.

Sunan yana cikin littafin ajiyata, an rubuta shi daidai. Ba zan sa shi nan ba, domin har yanzu akwai masu komawa noma a ɓoye. Wannan bashi ne a kaina, kuma ban san ranar biya ba.

A tasha, biyu saura kwata, yayana ya damƙa mini naira dubu ashirin ya ce kuɗin jagora. Na ce ban yi jagora ba. Ya ce, "Ka san inda za ka kai su." Na kai wa Baba mai goro dubu uku, ɗan acaɓa dubu biyar, Goggo dubu goma. Dubu biyu na sa data, kada in yi muku ƙarya.

'Yan uwa, ban ce kowa ya daina kai taurarinsa Dubai ko Girka ba. Mai karatu da ke kwana da fargaba yana da haƙƙin a kai shi inda ake kallon faɗuwar rana hankali kwance, kuma ban goge babi na goma sha bakwai ba. Amma na sake karanta shi a daren nan, na tarar babu wari ko ɗaya a ciki, babu wanda ya gyara wa wani wasali. Duk abin da na sa, wanda ya kalli bidiyon da na kalla zai iya sawa. Abin da Goggo ta ba mu kuwa, in ta tafi ya tafi.

Ga abin da na koya game da aikin jagora, wanda na ga shi ne aikinmu. Ka san abin da za ka fara nunawa da abin da za ka ajiye ƙarshe. Ka san wanda ya fi ka sani, ka tsuguna gabansa. Ka san lokacin da za a mayar da waya aljihu. Kuma mutanen da za ka saka a labari, ka fara zuwa gaishe su ranar da ba ka neman komai.

Ku gwada wannan: ku ɗauka baƙo zai zo muku gobe, awa huɗu kacal yake da su. Ku rubuta wurare uku da za ku kai shi, da tambaya ɗaya da zai yi a kowane wuri. In kun kasa amsawa, kun samu aikin mako.

Ni nawa na gaba Gummi ne, garin mahaifiyata. Abin da na sani a kai bai wuce biyu ba: can aka haifi Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa ya kuma karɓi kyautar Sarki Faisal a 1987, sai ambaliyar da ta ci gidaje a damanar 2024. Inna ta ce in na shirya za ta haɗa ni da wani kawunta mai fito a gulbi.

Kafin nan, duk Juma'a bayan la'asar ina gindin bangon fada da biro. Makon jiya Baba da wani tsoho suka kaure da gardama kan wane sarki ya riga wane, har aka kira magariba ba su daidaita ba. Na rubuta duka biyun. Daga can nake wucewa wurin Goggo. Yanzu ni ke sayen ruwan.