Tahamisin Kaset

Duk wanda ya taɓa zama a gaban tsofaffin takardun waƙa ya san wani irin shafi da kan tsayar da mai nazari cak: baitoci shida ko bakwai sun tafi daidai, na gaba ya faro, sai ɗango ya yanke a tsakiya, sauran takarda fari fat. Makaɗan zamani ma suna da irin wannan shafi, sai dai nasu a kan zaren kaset yake. Wanda ya fi shahara a cikinsu a 'yan shekarun nan shi ne na waƙar "Now and Then" ta ƙungiyar Beatles ta Ingila, wadda ta kwana kusan shekara 46 tsakanin farawa da fitowa.

Wajen 1977, shekara bakwai bayan watsewar ƙungiyar, John Lennon ya zauna gaban fiyano a gidansa na Nuyok, ya kunna rikoda irin ta gida, ya rera waƙar. Bai gama tsara kalmominta ba; a wasu wurare guna-guni kawai yake yi don riƙe karin. Aka kashe shi ranar 8 ga Disamba, 1980. A Janairun 1994 matarsa, Yoko Ono, ta miƙa wa Paul McCartney kaset-kaset ɗin da ya bari, sauran ukun kuwa, wato Paul da George Harrison da Ringo Starr, suka ɗaura aniyar ɗora kiɗansu a kan muryar mamacin. Biyu daga cikin waƙoƙin sun yiwu, suka fito a 1995 da 1996. Ta ukun ta gagara. Akwai ƙugin lantarki da ya ratsa zaren tun daga farko har ƙarshe, ga shi kuma fiyano da murya sun cakuɗe a layi guda, in an ɗaga ɗaya sai ɗayan ya biyo. Suka ɗan taɓa ta a 1995, George ya ce shara ce, ba ya yi. Paul ya faɗa daga baya cewa ƙungiyar tasu da shawara take tafiya, in mutum ɗaya ya ƙi, an fasa. Aka mayar da zare cikin akwati. George ya rasu a Nuwamban 2001.

Abin da ya fito da ita aikin fim ne. Lokacin da Peter Jackson yake haɗa shirinsa na tarihin ƙungiyar, wanda ya fito a 2021, ma'aikatansa sun horar da kwamfuta ta iya tsince muryar mutum daga cikin hayaniya, kamar yadda mai tankaɗe ke raba gari da tsaki. A 2022 aka gwada dabarar a kan kaset ɗin, muryar John ta fito fes ita kaɗai. Paul ya ƙara nasa kiɗan da muryarsa, Ringo ya buga ganguna, aka dawo da jitar da George ya kaɗa a 1995, aka ɗauko amshi daga tsofaffin waƙoƙinsu uku aka saƙa a ciki. Ranar 2 ga Nuwamba, 2023 waƙar ta fito, ta hau matsayi na ɗaya a Ingila, abin da rabon ƙungiyar da shi tun 1969, ta kuma sami kyautar Grammy a 2025.

Da na saurare ta, kalmar da ta faɗo mini ita ce tahamisi. Ɗaliban Hausa sun san shi: sha'iri ya ɗauki waƙar wani mai ƙwar biyu, ya ɗora ɗango uku nasa a kan kowane baiti, ta koma ƙwar biyar, kamar yadda Isa ɗan Shehu ya yi wa waƙar mahaifinsa. Kada mai karatu ya ɗauka ina daidaita darajar waƙoƙin ne. Sigar aikin kawai nake nufi. Dattijo mai shekara 81 yana amsa wa abokinsa da ya tsaya a shekara talatin da 'yan kai, wannan kam yana taɓa zuciya, kuma ban ga aibinsa ba.

Sai dai tahamisi yana da ladubbansa. Mai yin sa ba ya goge ɗangon mai waƙa, kuma yakan faɗi sunansa da na wanda ya yi wa, domin kowa ya san ina nasa ya tsaya. A nan kuwa Paul ya yanke wani sashe guda na abin da John ya rera, wanda duk mai kaset ɗin asali zai ji babu shi. Wanda ya fi damuna shi ne batun George. Mutumin nan ya ce a'a da bakinsa. Matarsa ta bayyana cewa rashin kyan sauti ne ya hana shi, da yana raye da ya yarda, kuma mai yiwuwa haka ne. Amma dai an sa jitarsa a cikin waƙar da ya ƙi, har Paul ya kaɗa wani yanki da salon hannunsa don girmamawa. A ganina, abin da ya fito tahamisin Paul ne a kan waƙar John, kuma da an rubuta haka a bangon faifan da ya fi zama gaskiya.

Duk wannan muhawara ta yiwu ne saboda wata mace ta adana kaset shekara goma sha uku. Nan ne tunanina ya dawo gida. Jos ma ta yi zamanin jita. A shekarun 1970 akwai ƙungiyoyin da ke kiɗa a otal-otal na garin, amma manyan ɗakunan ɗaukar murya na EMI da Decca suna Legas, wanda bai kai can ba, bai shiga faifai ba. Sahara All Stars ta Jos ta kai. A 2001 kamfanin Strut na Landan ya sa waƙarsu "Enjoy Yourself" a cikin tarin da ya kira Nigeria 70, tare da "Ikon Allah" ta Bala Miller, ga shi kuwa taken tarin yana cewa labarin Legas ne. Mu da muka tashi a garin, daga Landan aka dawo mana da su.

A layinmu na Kongo-Rasha akwai wani dattijo mai gyaran rediyo wanda ya kaɗa jita a ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ba su kai Legas ba. Yana da kaset guda da ba ya ba kowa aro. Wurin gwaji aka ɗauke shi: ganga, jita biyu, da waƙa wadda rabinta Hausa ce, rabi Turanci. Baiti ɗaya ne da amshi, sai a ji mai ganga ya ɓata, wani ya fashe da dariya, an kashe rikoda. Sun shirya gama ta kafin su tafi Legas, kuɗin mota bai haɗu ba, mawaƙin ya sami aiki a wani gari, shi ke nan. Idan zaren ya tsinke, da jan farce yake liƙe shi, ya juya da biro.

"Baba, yaushe za ku gama ta?" mukan tambaye shi.

"Yaro, sai mai ganga ya dawo," yakan ce, yana hura ƙura daga bayan wata rediyo.

Rikicin 7 ga Satumba, 2001 a unguwarmu ya faro. A cikin kwanakin nan shagonsa ya ƙone, shi kuma ya bar Jos, daga baya muka ji rasuwarsa. A watan Fabrairun 2002 babbar kasuwar Taminus ta bi baya, tare da rumfunan masu kaset inda mutum zai iya zuwa cigiyar kwafi.

Kwamfutar da ta tsince muryar John tana buƙatar zare, ko mai ƙugi ne. Abin da ya rage na waƙar dattijon nan yana cikin kawunan mutum huɗu ko biyar da suka yi yarinta a bakin shagonsa. Bara na kira yayana a waya na ce ya rera mini amshin, ni ma na rera masa nawa. Karin ya zo ɗaya. A kan kalmomin kuwa mun yi rabin awa muna gardama, shi yana cewa sunan mace ne a ƙarshen ɗangon, ni ina cewa sunan gari ne.