Hoton Marubuci a Bangon Littafi

Mai karatu a Faskari ko Ƙanƙara ko Sabuwa, wanda littattafan hikaya kan iso hannunsa daga Kano ta hanyar Funtuwa, da wuya ya taɓa haɗuwa da marubucin da yake karantawa, don haka ɗan hoton da ake bugawa a bayan bango, idan har an buga shi, shi ne kaɗai abin da zai gani na fuskar mai alƙalamin. Hula da babbar riga kan nuna dattako da ilimi, lulluɓi kuwa kan shaida cewa marubuciya matar gida ce mai kamun kai.

Wannan shaida ta yi nauyi tun daga shekarun 1980, lokacin da adabin kasuwar Kano, wato littattafan soyayya masu araha da marubuta ke bugawa da kuɗinsu, ya fara shan suka cewa yana ɓata tarbiyya. Ga mata irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, amsa sunan marubuciya a bainar jama'a ba ƙaramar jarumta ba ce, balle nuna fuska. A 2016 Glenna Gordon, mai ɗaukar hoto 'yar Amurka, ta fitar da littafin hotunan marubuta mata na Kano, inda aka ga wasunsu a ɗakunansu suna rubutu da hannu, yanayin da hoton situdiyo, mai labule da tsayuwa a ƙame, ba ya nunawa.