Ƙofar Ruwa: Wajen Masu Gyaran Farfela

Kunne ne ke fara sanar da baƙo cewa ya iso Ƙofar Ruwa. Guduma na dukan ƙarfe, injin walda na tartsatsi, masu baro na ta "Hanya! Hanya!" Asalin sunan na ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar Kano ne, a yankin Dala, amma yau in Bakano ya ce ya tafi Ƙofar Ruwa, kasuwar ƙarafa da kayan gyaran mota yake nufi. Nan rodi da kwanon rufi, can injina da giyabos 'yan Beljiyam an jibge su a bakin shago, ƙasar wurin duk ta rine da baƙin mai. Ba ka taku goma wani bai tare ka ba: "Alhaji, me ake nema?"

Na tsaya a wata rumfa da aka jingine farfeloli a jikin bango. Farfela ita ce doguwar sandar ƙarfen da ke ƙarƙashin mota mai ja da ƙafar baya, tana ɗauko juyi daga giyabos ta kai wa aksul. Shi ya sa masu Golf da Sharon ba su da harka da wannan rumfa, tasu da ƙafar gaba take ja. Masu Hiace da Hilux da Canter ne ke zarya a nan.

Giyabos a ɗaure yake, aksul kuwa hawa da sauka yake yi duk lokacin da taya ta faɗa rami. Abin da ke ba farfela damar lanƙwasa alhali tana juyawa shi ne kuros, ɗan ƙarfe mai hannu huɗu da bai cika tafin hannu ba. Kowane hannu yana da hula, cikin hular an jera siraran ƙarafa kamar allurai, suna kwance cikin giris. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da zarar robar bakin hular ta tsage, ƙurar hunturu da ruwan damina sun samu ƙofa. Giris ya bushe, ƙarfe ya hau cin ƙarfe.

Wata Hiace aka kawo, direban na kukan cewa in ya sa giya sai ya ji "ƙwas" a ƙasa, in ya miƙa hanya kuma kujera ta ɗauki rawa. Bakaniken ya sa aka tokare tayoyi, ya shige ƙarƙashi, ya kama farfelar ya murɗa ta dama da hagu. Tana wasa. Ya nuna wa direban jan gari irin na tsatsa a bakin hula, maganar ta ƙare.

Kafin ya taɓa sifana sai da ya yi alama da fenti a mahaɗar farfela da aksul. An daidaita nauyin farfela tun daga kamfani, in aka mayar da ita a karkace, rawar da aka zo magancewa ba za ta tafi ba. Ya kwance notina huɗu, ya zare ta, yaronsa ya toshe bakin giyabos don kada mai ya tsiyaye. Aka cire kilif-kilif ɗin da ke riƙe huluna, aka ɗora ƙaramin soket a kan hula ɗaya, babba a ƙarƙashin ta ɗaya gefen, aka buga har ta fito.

A wajen mayarwa ake gane ƙwararre. Nan guduma ba ta da gaggawa. In allura ɗaya ta kwanta a gindin hula, kilif ba zai zauna ba, wanda ya tilasta shi kuwa ya kashe sabon kuros tun bai bar rumfa ba. Sai na ga ogan ya karɓe aikin daga hannun yaron, yana tura hular a hankali, yana motsa kuros ɗin da yatsa. Da ya gama ya ɗan bubbuga gefen don ya saki, sannan ya ɗura giris ta ɗan nonon da ke jikin kuros ɗin har ya leƙo ta bakin robobi huɗun.

Masu sana'ar sun fi jin tsoron kuros na gaba, wanda ke ɓangaren giyabos. In ya ɓalle ana gudu, kan farfela na iya faɗuwa ya caki kwalta, ya fasa giyabos, ko ya jefa mota cike da fasinja a daji. Kuros yana cikin kaya mafi araha a motar, kuma yakan yi makonni yana ƙara kafin ya yanke. Direban da ke cewa a duba shi, a sa masa giris duk ranar juyen baƙin mai, da wuya a janyo motarsa zuwa Ƙofar Ruwa saboda farfela.